Ƙwan Fitila a Ƙofar Ɗakin Jego

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, a wannan karon kuma Baba ne ya riga mu. Mahaifin maigidana ne. Ban taɓa kama sunansa ba yana da rai, ba kuwa zan fara yanzu da ya kwanta dama ba. Duk wanda ya daɗe a Arlit ya san wanda nake nufi.

Da aka yi zaman makoki, maza suna rumfar ƙofar gida, inda shagonsa na gyaran kayan lantarki yake a da, mu mata muna tsakar gida. Ta kan katanga nake jin maganarsu. Wani tsohon direba ya ce, "Rediyona ya sha mutuwa a hannuna, ya sha tashi a hannunsa." Wani ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa ka roƙe shi riga ya tuɓe ya ba ka. Ka roƙe shi ƙusa guda, sai ya tambaye ka me za ka yi da ita." Aka yi dariya, dariyar ta mutu da kanta, liman ya ce a shafa fatiha.

Ran sadakar uku da la'asar wata tsohuwa Ba'abziniya ta shigo, wani ƙaton mutum mai rawani ya rako ta har bakin zaure. Ban gane ta ba sai da ta zauna ta kama hannuna. Ba ta ce mini ya haƙuri ba. Cewa ta yi, "Tanon yana nan?"

Na ce, "Yana nan, bayan ɗaki."

Ta ce, "Wancan da ya kawo ni, ya kwana cikinsa." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Jikokina suna zaune kusa da ni, ƙaramarsu ta ce, "Kaka, wane tano?" Uwarsu ita ce ƴata ta fari, tun tana ƙarama ake kiranta Ƴar Tano, su kuma duk zatonsu don ta yi ƙiba ne kamar ganga tana yarinya. A nan na gane in na yi shiru, labarin zai bi Baba kabari. Lakwal, wato boko, da na yi ba ta da yawa, amma abin da idona ya gani zan iya jera shi.

An kawo ni Arlit amarya daga Damagaram a shekarun da uraniyom ke tashe. Kwalta ba ta iso ba tukuna. Kowace babbar mota ta shigo sai ta juye mutane, daga Maraɗi, daga Tawa, daga Kano da Katsina da Sakkwato, kowa da ƙunshinsa, kowa ya ji an ce akwai aiki. Maigidana direba ne, yana jan motar wani ɗan kasuwa, ya fi kwana a hanya bisa gida. Baba kuwa ba ya zuwa koʼina. Ya taɓa yin aiki a kamfani, ya bari, ya buɗe shago a jikin gida. Duk abin da ya mutu a gidajen Turawa da na manyan ma'aikata, fanka ne, dutsen guga ne, rediyo ne, wurinsa yake ƙarewa. Saboda shagon ne gidanmu ya samu kuran, wato wutar lantarki, alhali yawancin maƙwabta fitilar kananzir suke kunnawa.

Ba ya zubar da kome. Gwangwanayen tumatir ne jere a kan katako, wannan na ƙusoshi, wannan na guntayen waya, wancan na abin da shi kansa bai san amfaninsa ba tukuna. Yakan ce, "Babu mataccen kaya, sai wanda ranarsa ba ta zo ba." Yana magana da abin da yake gyarawa kamar da yaro. Sau da yawa ina shara sai in ji shi ta taga yana ce wa fanka, "To ke kuma me aka yi miki?"

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta gidanmu. Ba ya duban fuskata, ba na duban tasa. In zan gaishe shi, daga nesa nake durƙusawa. Ɗakina kuwa ko inuwarsa ba ta taɓa faɗawa ciki ba. In yana son wani abu, sai ya tsaya tsakar gida ya yi gyaran murya ya ce, "A ce wa ƴar nan ruwan shayi ya ƙare," ko da babu kowa a gidan sai ni da shi.

Da na samu cikin fari, aka shirya zan koma gida in haihu gaban iyayena, kamar yadda aka saba. Yayar Baba, wadda muke kira Gwaggo, ta taso tun daga Damagaram don ta tafi da ni. Tsohuwa ce mai ƙarfi da kaifin baki, ungozoma ce a unguwarsu, kuma har lokacin kallon yaro take yi wa Baba duk da furfurarsa. Muna jiran motar da za ta ɗauke mu, maigidana yana can wajen Assamakka, sai naƙuda ta zo mini ciki yana wata bakwai. Tsakiyar hunturu ne. Wanda bai yi sanyin Arlit ba ba zai gane ba. Da safe ruwan randa yakan sa haƙori ciwo.

Yarinyar ta fito kamar ɗan tsako da aka fige. Kukanta ma ba a jinsa daga bakin ƙofa. Gwaggo ta naɗe ta, aka kai mu ƙaramin asibitin gari. Majo ɗin da ke wurin, wato babban ma'aikacin jinya, mutumin kirki ne, bai ɓoye mana kome ba. Ya ce ba su da kwalbar da ake sa bakwaini. Ya ce, "Sanyi ne abokin gabarta. Ki manna ta a ƙirjinki, babu abin da ya kai jikin uwa. Lokacin da ba za ki iya ba, a sa ta inda ɗuminsa ya yi daidai da ɗumin jikinki. Kada ya gaza, kada kuma ya wuce, wucewar ma kisa ce." Ya ciro ma'aunin zafin jiki ya nuna wa Baba layin da ake so, ya ba shi aro.

Matsalar ita ce ni kaina ba ni da lafiya. Na zubar da jini, zazzaɓi yana kayar da ni, kuma ga wankan jego safe da yamma wanda Gwaggo ta ce ko sama za ta faɗo sai an yi. Aka gwada kaskon gawayi. Ɗakin ya yi zafi, hayaƙi ya sa yarinyar tari, gawayin ya mutu, sanyi ya dawo fiye da da. Baba yana tsakar gida yana jin duk abin da ake ciki. Sai na ji ya ce, "Wuta mai saurin fushi ce, mai saurin mantuwa. Ruwa ne ba ya ɗaukar zafi da gaggawa, in ya ɗauka kuma ba ya saki da gaggawa."

Ranar bai karɓi aikin kowa ba. Ya je kasuwa ya sayo tano, irin babbar gangar ƙarfen nan, wanda aka ƙarar da man gyaɗa a cikinsa, ya ce shi ba ya son tanon da bai san abin da ya ɗauka ba. Ya yanke shi biyu, ya dake bakin don kada ya yanki mutum, ya wanke da toka da sabulu har hannunsa ya yi fari. Ya samo akwatin katako na ganyen shayi, ya jera ƙwayayen fitila a cikinsa, ya ɗora rabin tanon bisa. Fitilun su ne wutar. Suna ɗumama gindin tanon daga ƙasa, babu wayar da ta taɓa ruwa. Ya naɗe jikin tanon da buhu da tsohon bargonsa, ya cusa auduga a tsakani, don ɗumin ya zauna ko an ɗauke kuran. Sannan ya ɗauko babbar tasar da marigayiya matarsa ta bari, ya zaunar da ita cikin ruwan, ya danne gefenta da katako biyu don kada ta yi iyo ko ta karkace. Cikin tasar za a yi wa yarinyar shimfiɗa. Ruwa a ƙarƙashinta da kewayenta, ita kuma a bushe.

Saura abu guda, wanda zai hana ruwan wuce gona da iri. Daga cikin tarkacensa ya ciro wani siririn ƙarfe dogo mai ɗan akwati a kansa, wanda ya taɓa cirewa daga matacciyar tukunyar ɗumama ruwan wanka ta gidan wani Bature. Turawa suna ce masa tarmosta. Baba yana ce masa mai gadi. In aka tsoma shi cikin ruwa, ruwan ya kai ɗumin da aka ce masa, sai ya yi ƙas, ya kashe fitilun. In ruwan ya fara hucewa, ya sake yin ƙas, ya kunna su. Baba ya cika kwalba da ruwa, ya naɗe ta da zane kamar jaririya, ya kwantar da ita cikin tasar tare da ma'aunin majo. Ya riƙa juya wata ƴar ƙusa a kan mai gadin kaɗan-kaɗan, ya jira, ya duba, ya sake juyawa. Sai da ma'aunin ya tsaya kan layi ya ƙi motsi tsawon yini, sannan ya ɗiga wa ƙusar narkakken kyandir don kada hannu ya gusar da ita.

Gwaggo tana tsaye tana kallo, hannu a ƙugu. Ta ce, "Malam mai waya, jikar taka za ka dafa ko rini za ka fara?"

Ya ce, "Yaya, uwar ɗaki nake gina wa amaryata. Kishi kike yi?"

Ta ce, "Amaryar da ba ta kai tafin hannunka ba. Allah ya shirye ka."

Amma ita ce ta kama masa, da ita da wata maƙwabciya, suka shigar da kayan ɗakina, domin shi ba zai shiga ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya juya baya, yana ce musu a matsa nan, a ɗaga can. Ya koya mana gwada ruwa. Ya ce ba da tafin hannu ba, tafin hannu ya sha wahala, ya daina faɗin gaskiya. Da gwiwar hannu ake gwadawa. In ka tsoma ba ka ji zafi ba, ba ka ji sanyi ba, kamar ba ka taɓa kome ba, to shi ne.

Sai wata damuwa ta taso masa. Ya gina abu, amma ba shi da ikon ganinsa. Surukarsa tana jego a ɗakin, kwana arba'in ba zai leƙa ba. Ya zauna yana duban bango. Can ya tashi ya huda ƴar ƙofa a jikin tagar, ya zaro waya, ya rataya ƙaramin ƙwan fitila a waje, bisa ƙofar ɗakina. Ya haɗa shi da na ƙarƙashin tanon. In sun kama ya kama, in sun mutu ya mutu. Ya kwaso tabarmarsa da kayan aikinsa daga shago ya dawo tsakar gida, inda zai riƙa ganinsa. Masu kawo gyara suka koma yin sallama a zaure. Yana kwance rediyo, ido ɗaya a kan aiki, ɗaya a kan ƙwan fitilar. Cikin ƴan kwanaki ya san tafiyarta, yadda take daɗewa a kunne da sanyin safe, yadda take hutawa in rana ta ɗaga.

Da ranar suna ta matso, wasu suka ba shi shawara a ɗan dakata da rago, a ga abin da Allah zai yi. Ba mugunta ba ce, sun ga bakwaini da yawa. Baba ya miƙe. Ya fita, ya dawo yana jan rago. Ya ɗaure shi daidai tagata, ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Baƙon da aka yanka wa rago ya san ana son zamansa." Ina ciki na juya fuska bango, don ba a ganin hawayen uwa a kan ɗan fari.

Abin da ya faru ya faru ne bayan suna da ƴan kwanaki, da hantsi, ranar da sanyi ya fi na kullum. Gwaggo ta gama yi mini wanka. Wanda ya san wankan jego ya san ruwan: tafasasshe ne, ana tsoma ganye ana fyaɗa wa mai jego, mai wankan kuma hannunta yana cikinsa tun farko har ƙarshe. Na dawo ɗaki jiri yana ɗibata, na kwanta da ɗaurin ƙirji, ko kallabi ban ɗaura ba. Yarinyar tana cikin tasarta. Gwaggo ta shigo da sauran ruwan a bokiti. Na gan ta ta tsoma tafin hannu cikin tanon, na ji ta ce, "Wannan ai ruwan randa ne. Za su kashe yarinya da sanyi." Hannun da ya fito daga tafasasshen ruwa, kome ya taɓa sanyi zai ji. Ta juye bokitin ciki. Ni kuwa idona ya rufe, barci ya ɗauke ni.

Mai gadin ya yi aikinsa, ya kashe fitilu. Iyakar abin da ya iya ke nan. An koya masa hana wuta, ba a koya masa sanyaya ruwa ba.

Muryar Baba ce ta tashe ni, daga tsakar gida. "Yaya, fitilar nan ta daɗe a mace."

Gwaggo tana bakin murhu tana dama kunun kanwa. Ta ce, "To ta huta mana, ita ba baiwar Allah ba ce?"

"Da wannan sanyin ba ta kai haka. Wani ya taɓa ruwan?"

"Na ƙara masa ƙarfi. Ruwan naka ya yi sanyi ƙalau."

Ban ji sallama ba. Labule kawai na ga ya tashi, sai ga Baba tsakiyar ɗakina, da takalmansa. Na rarumi zane na rufe kaina. Bai dube ni ba. Ya sunkuya ya ɗauke yarinyar daga tasar. Ta yi jajir, ta saki jiki, bakinta a buɗe, babu kuka. Ya warware zanen da aka naɗe ta, ya riƙe ta a tafin hannunsa yana hura mata iska a hankali, yana cewa, "Haba amarya, haba uwar ɗakina, ba mu yi haka da ke ba." Sannan ya juya fuskarsa bango, ya miƙo mini ita ta baya, ya ce, "Karɓi, ƴar nan. Ki ba ta ta sha." Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini kai tsaye.

Na sa ta a ƙirji. Ba ta kama ba. Na matsa mata a leɓe. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san Baba yana tsaye, goshinsa a jikin bango, yana ambaton Allah. Can ta motsa baki. Ta haɗiya. Sai ta yi ɗan kukan nan nata kamar na kyanwa. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki bokiti ya kwashe ruwan zafin, ya ƙaro na randa, ya tsoma gwiwar hannunsa, ya fita. Ya aika aka kira majo, ya zo ya duba ta ya ce an auna arziki.

Sai faɗa ya tashi a tsakar gida, ina ji daga ciki.

Gwaggo ta ce, "Ɗakin surukarka, tana jego, ko sallama babu! Da takalmi! Wa ya haife ka?"

Ya ce, "Wadda ta haife ki, Yaya."

"Na yanke cibiya kafin ka san damanka da hagunka. Yau kai za ka koya mini ruwan jariri?"

"Ban ce ba ki sani ba. Hannunki ne ya yi miki ƙarya, daga wuta ya fito."

"To hannun maƙaryaciya ba zai ƙara tuƙa maka tuwo ba. A nemo mini mota."

Ta ɗaure ƙunshinta ta ajiye a zaure. Allah ya sa babu motar da za ta kudu a makon. Ta ci gaba da yi mini wanka, ba ta yi masa magana, in za ta ba shi abinci sai ta dangwarar ta wuce. Amma na lura ba ta barci sosai, kuma in ta ɗauki yarinyar takan daɗe tana dubanta. Wata safiya tana zaton barci nake, na gan ta ta duba ƙofa, ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannunta cikin tanon. Ta daɗe a haka. Sannan ta goge ido da gefen zane, ta je zaure ta kwance ƙunshinta. Daga ranar babu mai matsawa kusa da tanon sai da izininta. Wata maƙwabciya ta taɓa miƙa hannu za ta taɓa ruwan, Gwaggo ta buge hannun ta ce, "Da gwiwa ake yi, ke ba ki san kome ba?" Baba yana tsakar gida ya yi tari, ya sunkuyar da kai cikin rediyonsa.

Shi kuwa shigar nan ta zauna masa a rai. Har aka yi arba'in bai ƙara cin abinci a tsakar gida ba in ina iya fitowa. Da maigidana ya dawo, tun bai sauke jakarsa ba Baba ya ja shi zaure ya gaya masa da bakinsa. Maigidana ya ce mini ya rasa inda zai sa kansa, mahaifinsa yana ba shi haƙuri.

Yarinyar ta rayu. Ta cika tasar, ta fi ƙarfinta, aka fitar da ita. Ta tashi a gindin Baba, tana zubar masa da gwangwanayen ƙusoshi, abin da ko ɗansa bai isa ya yi ba. In ta ɓata masa rai ya ce, "Na sake ki." Ta ce, "Dama wa ke son tsoho mai warin waya?" Ya ce, "Ki dawo mini da ragona."

Labarin tanon ya bazu. In aka haifi bakwaini a unguwa cikin sanyi, sai a zo aro. Ba ya hanawa, ba ya karɓar kome, amma sai ya tambaya ko an je asibiti tukuna, kuma sai gidan da ke da kuran, ko a kawo mai jegon ɗakinmu. Duk inda tanon ya je, ƙwan fitilar yana bisa ƙofa, Baba yana waje kan tabarma. Ba duka suka rayu ba. Ba'abziniyar da ta zo ta'aziyya tagwaye ta haifa, aka kwantar da su tare cikin tasar. Ɗaya ya tafi. Baba ya raka shi makwanci, ya dawo ya kwance mai gadin, ya gwada, ya sake gwadawa, bai sami laifi ba. Ya zauna yini guda bai ci kome ba. Da Gwaggo, wadda ta zo mana ziyara a lokacin, ta matsa masa ya ce, "Na sani, Yaya. Ni ruwa kawai na ɗumama. Rai na Mai shi ne." Ya mayar da mai gadin, saboda ɗayan yana nan yana jira.

Da aka samu kayan asibiti na gaske a gari, shi da kansa ya kwance wayoyin, ya ce ranar tanon ta wuce, kada wani ya ƙara kawo masa jariri. Fitilun suka koma shago. Rabin tanon ya zama na wanki.

Shekaru suka tafi. Gwaggo ta rasu a Damagaram. Kasuwar uraniyom ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, maƙwabta da yawa suka kwashe suka koma garuruwansu. Maigidana ya rasu ya bar mahaifinsa. Da na gama takaba ƴan'uwana suka zo tafiya da ni, Baba ya tsaya tsakar gida ya ce wa iska, "A ce wa ƴar nan gidanta ne, in tana so." Na zauna. Idonsa ya raunana har ya daina ganin ƙusa, amma bai yarda an taɓa gwangwanayensa ba.

A ciwonsa na ƙarshe ni da ƴata muke jinyarsa. Dole ta sa kunya ta ragu, amma ba ta ƙare ba. Wata rana da azahar ƴata ta tallafo kansa tana ba shi ruwa, ni ina bakin ƙofa. Ya ture kofin ya ce, "Ƴar nan tana kusa?"

Na ce, "Ga ni, Baba."

Ya ce, "Shigar nan da na yi miki ɗaki. Ban taɓa neman gafararki da bakina ba. Ki yafe mini."

Ashe duk shekarun nan yana ɗauke da ita. Na durƙusa inda nake. Na ce, "Baba, da ba ka shigo ba, wa zai riƙe maka kofin nan?"

Ya lalubi hannun ƴata ya riƙe. Ya ce, "Amarya, kin tsufa."

Ta ce, "Kai ka tsofar da ni, ka ƙi sakina."

Ya yi murmushi, ya karɓi ruwan ya sha.

Ya cika da hantsi, cikin sanyi, irin sanyin waccan shekarar. Maza suka aiko a ba su ruwan wanka. Matan unguwa suka ɗora tukunya, wata ta ɗauko bokiti. Ƴata ta ce a dakata. Ta zaga bayan ɗaki ta jawo rabin tanon, ta wanke shi da toka da sabulu. Ta zuba na zafi, ta zuba na randa. Wata dattijuwa ta tsoma tafin hannu ta ce, "Ya yi, a kai musu, ana jira."

Ƴata ta naɗe hannun riga, ta durƙusa, ta tsoma gwiwar hannunta. Ta ƙara na randa kaɗan. Ta sake tsomawa, ta daɗe, hawaye yana sauka cikin ruwan. Sannan ta ɗago ta ce, "Yanzu ya yi. Ku gaya musu su yi masa a hankali, ba ya son abin da ya wuce kima."

Samari biyu suka ɗauki tanon suka shiga da shi. Ni ina waje, bakin ƙofar ɗakinsa, inda ya dace in tsaya.

Allah ya sanyaya makwancinsa daidai yadda yake so, ya yafe masa, ya haɗa shi da waɗanda ya raka da waɗanda suka riga shi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa a samu mai gwada mana ruwa.